Kogin Gada: me ya sa yake miƙawa arewa, kuma ina ruwansa ke shiga da rani?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni Bakatsine ne, na gaji wata 'yar gona a gaɓar kogin Gada kafin a kai Jibiya, kuma ina so in fara lambu a cikinta. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a makaranta an koya mana kogunan Najeriya teku suke nufa, teku kuwa tana kudu, amma shi wannan arewa ya miƙa ya shige Nijar. Sannan da an yi kaka sai ya koma yashi zalla, har mashin na ratsa shi. Tsofaffinmu sun ce a da ba ya ƙafewa da wuri haka. Ina ruwan yake tafiya? Zan iya dogara da shi in zuba kuɗina a noman rani?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan magabata, ya sa wa gonar albarka. Tambayoyi uku ka ƙulla wuri guda: hanyar da kogin ke bi, dalilin ƙafewarsa, da ko lambunka zai sami abin sha. Sana'ata neman ruwa ce a ƙasa, duba fadamu da zaɓa wa manoma wurin haƙa rijiya, saboda haka na fi sakewa a tambaya ta uku. Sai dai ba ta warwaruwa sai an bi ta kan biyun farko. Abin da zan so ka riƙe tun daga nan shi ne, yashin da kake gani da rani shi ma kogin ne, akwai ruwa a cikinsa, kuma rabon lambunka ya rataya a kan kaurin wannan yashi da abin da ke shimfiɗe ƙarƙashinsa.

Hanyar da yake bi

Ruwa ba ruwansa da kudu ko arewa, gangare kawai ya sani. Jihar Katsina tana zaune ne bisa tudun ƙasar Hausa. In ka kife ƙwarya ka zuba mata ruwa a baya, kowane ɗigo gefen da ya faɗa zai bi ya sauka, to haka ƙasarmu take. Wajen Funtuwa tudun ya kai kimanin mita 700 sama da teku, birnin Katsina kimanin 500, Maraɗi bai kai 400 ba, Sakkwato kuwa wajen 300. Ka ga ke nan duk wanda ya tashi daga tsakiyar jihar ya nufi Jibiya da Maraɗi gangarawa yake yi, ko da idonsa bai nuna masa ba.

Shi ya sa kogunanmu suka watsu. Kogin Sakkwato daga wajen Funtuwa yake tasowa, ya ratsa Gusau, a tare shi a madatsar Bakolori. Karaɗuwa, wanda aka yi wa dam ɗin Zoɓe kusa da Dutsin-Ma, yana zuba a Bunsuru ya yi yamma. Ruwan da ya sauka a wani sashe na gabashin jihar kuwa ƙasar Kano yake shiga, ya bi ta Haɗeja ya nufi tafkin Cadi, kuma wannan ruwan har abada ba ya ganin teku.

Gada yana tasowa daga tudun da ke tsakanin Katsina da Kano, ya bi ta yamma da birnin Katsina ya isa Jibiya. Da ya tsallaka iyaka sai sunansa ya koma Gulbin Maraɗi. Ya wuce ƙasar Madarumfa, ya bi gefen Maraɗi, ya wuce Tsibirin Gobir da Gidan Rumji, yana lanƙwasa yamma a hankali. Bayan tafiyar fiye da kilomita 100 a cikin Nijar sai ya sake faɗowa Najeriya ta jihar Sakkwato, wajen Sabon Birni, ya haɗu da Rima. Rima ta kai shi madatsar Goronyo, ta haɗu da kogin Sakkwato kusa da birnin Shehu, su bi ta Argungu da Birnin Kebbi su zuba a Kwara. Daga can sai Lakwaja, sai teku. Malaman makarantarku ba su yi ƙarya ba, zagaye ne kawai kogin ya yi. Amma kaɗan ne daga ruwan da ya wuce gaban gonarka ke kammala wannan tafiya, mafi yawansa ƙasa ke shanyewa ko rana ta ɗauke tun a hanya.

Wannan kwarin ya daɗe yana jan mutane. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe arewa ya yi, daga baya ya kafu a Maraɗi, a bakin wannan gulbi. Gobirawa ma da suka kafa Tsibiri a 1836 a gaɓarsa suka zauna. Mai gudun hijira da dawakai da iyali ba ya sauka inda ruwa ke da nisa. A gabas da birnin Katsina kuma akwai Tagwai, wanda aka yi wa dam ɗin Ajiwa da birni ya daɗe yana sha, shi ma arewa ya nufa. In ka matsa ƙasar Daura sai manyan koguna su yi ƙaranci, jigawa ta yi yawa, ruwan sama ya riƙa nutsewa kafin ya taru ya yi gudu mai nisa. Ni dai ban ga abin mamaki ba da labarin kafuwar Daura ya rataya a kan rijiya, Kusugu.

Dalilin ƙafewarsa

Kogi ba ya gudu duk shekara sai yana da mai ciyar da shi bayan ɗaukewar ruwan sama. Ko dai ya taso daga ƙasa mai doguwar damina, kamar Kwara da ke fitowa daga tsaunukan Gini, ko kuma ƙasar da yake ratsawa ta riƙa tsatso masa ruwan da ta ajiye. Gada bai sami ko ɗaya ba. Daga tushensa har Jibiya damina guda ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarfinta a Agusta. Birnin Katsina na samun kimanin milimita 600 a shekara, Funtuwa wajen 1,000. Rana da iskar hunturu kuwa suna iya ɗauke fiye da milimita 2,000 daga buɗaɗɗen ruwa a shekara. Wato abin da sama ke iya karɓewa ya ninka abin da take bayarwa sau uku.

Sai kuma maganar dutse. Tsakiya da kudancin jihar nan a kan tsohon dutse mai tauri suke, irin wanda ya ɓullo fili a Dutsin-Ma da Batsari. Wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ɓangaren samansa da ya ruɓe. In an yi ruwa mai ƙarfi, ƙasar da ke kansa ta ƙoshi nan da nan, saura ya kwararo ta ƙoramu da kwazazzabai. Kogi ya cika cikin sa'o'i, ja wur da laka, bayan kwana biyu ko uku ya janye. Da an shiga Oktoba babu wata ajiya mai yawa a tudu da za ta ci gaba da tsiyayowa. Kwatanta da Rima daga wajen Sakkwato zuwa Kebbi, inda ƙasa ke da shimfiɗun yashi da farar ƙasa masu riƙe ruwa suna sakinsa a hankali. Can za ka tarar da ruwa a kogi har bazara.

Daga wajen Jibiya zuwa arewa dutsen nan yana nutsewa ƙarƙashin yashi da tsakuwa masu kauri. A nan kogin yake fara ba ƙasa ruwa maimakon ya karɓa daga gare ta. Shi ya sa manoman kwarin Maraɗi, irin na Jiratawa, suke noman rani da ruwan rijiyoyi alhali gulbin da ke gefensu a bushe yake.

Ruwan da ke cikin yashi

Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya ga mata da makiyaya suna tona rami a tsakiyar yashi da rani, su jira kaɗan, ruwa garau ya taru su ɗiba da ƙoƙo. Wannan ruwan damina ne da ya cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tulin yashi sarari ne. Rana tana busar da saman, amma da an yi ƙasa da kamu biyu, wato kimanin mita guda, ƙarfinta ya ragu ƙwarai, busasshen yashin sama ya zama murfi. Ruwan kuma bai tsaya cik ba, yana bin gangare a ƙarƙashi, sai dai tafiyar da zai yi a yini guda ba ta wuce 'yan taku ba.

Ga lissafin da nake yi wa manoma a ƙasa da tsinke. Yashi mai manyan ƙwayoyi, tsawon mita, faɗin mita, zurfin mita, in ya ƙoshi yana iya sakin lita 200 ko sama da haka. Ɗauki yankin kogi mai tsawon mita 100 da faɗin mita 50, wanda jiƙaƙƙen yashinsa ya kai zurfin mita 2. Ruwan da za a iya ja daga ciki kimanin lita miliyan 2 ne. Da jin adadin sai mutum ya washe baki. Amma hekta guda ta kayan lambu a zafin Maris da Afrilu tana shan lita 50,000 zuwa 80,000 kowace rana. Ke nan wannan yanki, in ba a lissafa abin da ke tsiyayowa daga sama ba, wata guda da 'yan kwanaki zai riƙe hekta ɗaya. In kuwa injuna goma ne ke ja daga wurin, kai ma ka san sauran zancen.

Kuma yashin ba kauri ɗaya ba ne ko'ina. Ƙasan kogi yana da kwari da tudu kamar yadda doron ƙasa yake. Inda dutse ya gitta kogi a ƙarƙashi, yana tare ruwan da ke tafiya cikin yashi, sai ka tarar daga samansa ruwa na kusa har bazara, daga ƙasansa kuwa an daɗe da ƙafewa. A wurin aiki nakan sa a riƙa soka dogon rodi a yashi, daga wannan gaɓa zuwa waccan, ana auna inda ya tsaya. Hannu yana jin bambanci: yashi na ƙara yana barin ƙarfe ya wuce, yumɓu na riƙe shi, dutse na mayar da amo. In aka zaro shi kuma a ga inda laima ta fara. Kafin duk wannan nakan tambayi tsofaffin gari da Fulanin da ke shayarwa a wurin, wane rami ne ke ƙarshen ƙafewa a shekarar fari. Sau da yawa rodin tabbatar da maganarsu kawai yake yi. Itatuwa ma suna magana: inda giginya, goriba ko kanya suka yi layi suna kore shar a Afrilu, ruwa ba ya nisa.

Maganar tsofaffi

Sun yi gaskiya, amma dalilin ba guda ba ne, kuma ban yarda da masu ɗora komai a kan ƙarancin ruwan sama ba. Gaskiya ne shekarun 1950 da farkon 1960 sun fi ruwa, sannan aka sha farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Amma daga baya damina ta ɗan farfaɗo, koguna kuwa ba su koma yadda suke ba. Abin da ya canza shi ne ƙasar kanta. An sare daji, an nome har bakin gaɓa, ƙasa ta zama fako. Ruwan da a da ciyawa da saiwoyi ke tsarewa ya nutse ya riƙa tsiyayowa har bayan kaka, yanzu a dare ɗaya yake wucewa. Ambaliya ta ƙaru, ƙafewa ta matso kusa, kuma tushensu ɗaya.

Na biyu, yawan masu ja. Kakanninmu da jigo da guga suke ban ruwa, ƙarfin mutum ne iyakar abin da za a ɗiba. Daga shekarun 1980, musamman da shirin Fadama na ƙasa da aka fara a 1993 da tallafin Bankin Duniya, ƙananan injunan fetur da rijiyoyin bututu suka cika fadamu. Alheri ne babba, ya fitar da gidaje da yawa daga zaman banza na rani, amma inji guda na jan abin da jigo ashirin ba za su ja ba.

Na uku, kuma wanda ya fi ci mini rai, ɗibar yashi. Kowace tifa da ta fita daga kogi ta tafi da wani yanki na ma'ajin ruwan garin. In aka kwashe mita guda daga sama, ruwan da ke ɓoye ya fito kusa da rana, gindin kogi ya yi ƙasa, ruwan rijiyoyin gaɓa ya bi shi ya sauka, gaɓar kuma ta fara zubewa. Na ga lambunan da aka bari a wani ƙauye saboda wannan kaɗai, alhali damina ba ta gaza ba. Gini na bukatar yashi, ba musu, amma a ce kowa ya ɗiba inda ya ga dama, kusa da gada ko kusa da rijiyoyin jama'a, wannan sakaci ne.

Sai madatsun ruwa. Zoɓe an kammala ta a 1983, kodayake sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwanta na sha. Ta Jibiya, wadda ke kan Gada kai tsaye, an gina ta a ƙarshen shekarun 1980, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 140 (kubik mita ɗaya shi ne ma'auni mai tsawon mita, faɗin mita, zurfin mita), kuma saboda yashin wurin sai da aka shimfiɗa mata wata irin leda mai kauri don hana yoyo. Dam na amfanar na kusa da shi, amma na ƙasa da shi yana rasa ambaliyar farkon damina da ke cika yashi da fadamu. Wannan ne ya sa maganar ta zama ta ƙasashe biyu. A Yulin 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin kogunan da aka ambata, tare da Tagwai da Komadugu Yobe.

Kada bushewarsa ta ruɗe ka

Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin yake. Ambaliyar 1945 ce ta rusa shi har aka mayar da gari bisa tudu inda yake yanzu. A Yulin 2018 kuma ruwan dare ya afka wa unguwannin Jibiya, fiye da mutum 40 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kogin rani yana iya cika alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba, domin ruwan da aka yi a nisan kilomita hamsin ne ke isowa. In ka ga hadari ya yi baƙi ta kudu, ka fitar da inji da yara daga cikin yashi. Ɗaki ko rumbu kuwa, a duba inda tsofaffin ambaliya suka bar shara a rassan itatuwa, a yi gini sama da nan.

Gonarka

Ka ce tana kafin Jibiya, wato ta saman dam. Ruwan da ake saki daga dam ba zai zo maka ba. In tana kusa da wutsiyar tafkin, ruwan ƙasa zai daɗe a kusa, amma ka tambaya ko tafkin na hawa wurin in ya cika, ka kuma tabbatar gonar ba ta shiga filin hukumar kogunan Sakkwato da Rima ba. In tana nesa, dogaronka yashi ne da fadamar gefensa.

Kada ka gwada ruwa a Nuwamba, lokacin kowane rami na da ruwa. Ka gwada a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan farko. A haƙa ko a soka bututu, a sa inji ya ja na sa'o'i, a ga yadda ruwan ke sauka da tsawon lokacin da yake ɗauka ya dawo. Ƙaramin injin da ake ajiyewa a sama ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin kimanin mita 7, komai ƙarfinsa. Manoma kan tona rami su saukar da injin don su ci mita ɗaya ko biyu. In ruwan ya fi haka nisa, sai dai famfon da ake zurawa ciki, mai aiki da hasken rana ko janareta, kuma kuɗinsa daban ne.

In gwajin ya nuna yashi mai kauri da ruwan da ke dawowa da sauri, yi rijiyarka a gaɓa, ta wajen da kogi ke tara yashi a lanƙwasa, domin ɗaya gefen shi ruwa ke ci duk damina. In ya nuna yashin bai fi mita ɗaya ko biyu ba a kan dutse, kada ka fasa, amma ka daidaita shuka da ruwan. Ka yi reno tun ƙarshen damina, ka dasa da wuri, ka zaɓi abin da zai nuna kafin zafin Maris: latas, kabeji, albasa, tumatir na farko. Barkono da masarar bazara a bar wa mai ruwa da yawa. Ni shawarata ka fara da kwatar hekta a shekarar farko, wadda a tsananin zafi za ta sha kamar duro 100 a rana, ka riƙa auna zurfin ruwan rijiyarka kowace Juma'a kana rubutawa. Wannan littafin zai gaya maka ko ka faɗaɗa.

Akwai kuma dabarar da ta yi amfani a Kenya da wasu ƙasashe masu irin kogunanmu: gina ƙaramar katanga a kan dutsen gindin ƙorama, yashi ya taru a bayanta ya riƙe ruwa. Ta fi dacewa da ƙananan ƙoramun da ke zuba a Gada, kuma aikin gayya ne da ke bukatar injiniya da yardar na ƙasa da ku. Ruwan yashi ya fi na kududdufi tsabta, amma na sha a tafasa ko a sa masa magani, yara kuma a hana su wanka a ragowar tafkunan rani saboda tsargiya.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, domin gonaki biyu masu maƙwabtaka kan bambanta, ɗaya kan tsohuwar hanyar kogi mai tsakuwa, ɗaya kan yumɓu, kuma gani ya kori ji. Ka nemi malamin gona na yankinku ko masu haƙa rijiyar bututu da suka daɗe suna aiki a wannan gaɓa, su zo da rodi a bazara mai zuwa. Ka kuma yi la'akari da halin tsaro na yankin kafin ka bar inji ko faifan sola a gona ya kwana.